Maigida ya rantse ba zai ƙara kai mu gidan abinci ba

Wata 'yar'uwa ta rubuto daga Manchester a Ingila. Yaranta biyu, ɗan shekara 4 da 'yar shekara 2. Sun fita cin abinci ranar Asabar da daddare, abinci ya yi jinkiri, ƙaramar ta ɓarke da kuka, babban ya shige ƙarƙashin tebur ya kifar da kofin lemo. Baban ya kai masa ranƙwashi, ma'aikaciyar wurin ta tsaya tana kallonsu har suka tashi. Yanzu maigida ya rantse shi da fita da yara sai sun girma. Tana tambaya: su haƙura ne, ko akwai dabara?

'Yar'uwa, kada ku haƙura. Yaron da ba a taɓa zaunar da shi a tebur cikin mutane ba, yaushe zai iya? Ke ma da kike wuni da su a ɗaki tun daga safe, ga sanyi ga duhun ƙarfe huɗu, kina da haƙƙin ki ci abincin da ba ke kika dafa ba. Rantsuwar maigida kuwa mai sauƙi ce, ya ciyar da miskinai goma ya yi kaffara.

Amma kafin komai, ranƙwashin nan ya fi lemon da ya zube damuna. Na san abin da ya jawo shi: kunya. Mutum yana jin idanu a bayansa, yana ganin za a ce ga baƙi nan ba su iya tarbiyya ba, sai hannu ya riga tunani. Alhali kukan yaro ba baƙon abu ba ne a wurin mutanen ƙasar, nasu ma suna birgima a ƙasa. Abin da ke sa su buga wa hukuma waya shi ne hannun babba a jikin yaro. Scotland ta haramta dukan yara kowane iri a 2020, Wales ta biyo baya a 2022. Sweden tun 1979 ta yi, Jamus a 2000, Faransa a 2019. A Ingila doka ta bar 'yar ƙofa ga horo mai sauƙi, sai dai duk dukan da ya bar kumburi ko shaida a fata laifi ne, kuma kowa na iya kiran 'yan sanda ko hukumar kula da yara. Ko da maganar ta ƙare a gargaɗin 'yan sanda a rubuce, tana iya bayyana a binciken tarihin laifi da ake yi wa ma'aikata (DBS) idan ɗayanku na aikin kula da tsofaffi ko jinya, kuma za a so a ji labarinta ranar neman zama ɗan ƙasa. Ki faɗa wa maigida wannan cikin lalama, ku biyu a ɗaki. Mintsini a ɓoye ƙarƙashin tebur ma ki bar shi, yaro ba ya rufa asiri.

To me za a yi idan rigima ta tashi? Ɗayanku ya ɗauki mai kukan ya fita da shi bakin ƙofa ya sha iska, ɗayan ya zauna da ɗan'uwansa. Ku shirya wannan tun a gida, a san wa zai fara tashi.

Mafi yawan rigimar tun daga agogo take farawa. Ƙarfe takwas na daren Asabar lokacin barcin yaranki ne, kuma lokacin da kicin ya fi cunkoso. Ku je cin rana, ko ƙarfe biyar na yamma, wuri fayau, ma'aikata ba su gaji ba. Ki duba jerin abincinsu a waya kafin ku fito, ki kama tebur, ki ce kuna son doguwar kujerar yara da wuri a gefe inda keken jariri ba zai tare hanya ba. Kuna zama ki yi odar na yara a fara kawowa. Kada su iso da yunwa. Ayaba ko biskit a jaka, da fensir mai kala da takarda, sun isa su saya miki minti ashirin. Waya kuwa a ajiye ta sai an rasa mafita, kuma a kashe sautin. Idan kun yi minti arba'in lafiya, ku tashi tun ana dariya, sauran abinci a ƙunshe muku.

Batun halal, tambayar nama kaɗai ba ta wadatar ba. Akan kwaɓa fulawar soya kifi da giya a wasu wurare, akan kuma zuba giyar a miya, kayan zaƙin da yara suka fi so kuma sau da yawa akwai jelatin na alade. Ki tambaya kai tsaye, sun saba. Idan yaro na da abin da jikinsa ba ya karɓa, kamar gyaɗa, ƙwai ko madara, doka ta wajabta musu bayani kan abubuwa 14 irin waɗannan. In an kawo inabi a farantin ƙaramar, ki tsaga shi a tsaye gida huɗu, yana shaƙe yara. Masu goyo kuma su sani dokar daidaito ta 2010 ta hana a tashi mace don tana shayarwa.

Ruwan famfo kyauta ne a duk inda ke da lasin sayar da giya, sauran ma ba kasafai suke hanawa ba, don haka ba dole sai lemo ba. Ki duba rasit da kyau: wurare da yawa, musamman a Landan, suna ɗora kuɗin hidima kashi 12.5 cikin ɗari, in yana ciki ba sai kin ƙara ba. Tun Oktoban 2024 doka ta ce tukuicin duka na ma'aikata ne, mai wuri ba ya taɓawa. 'Yan'uwa na Amurka su lura, can kashi 15 zuwa 20 ake bari, domin a wasu jihohin albashin mai kawo abinci dala 2.13 ne kacal a awa. Shinkafar da ta watse a ƙasa kuwa, ki tattara abin da hannu zai iya, ki ba wa mai sharar haƙuri, ki ɗan ƙara mata wani abu a kai.