Amsa: Tauraron bonet ne ke sa tsohuwar Marsandi tsada?

Malam, ka ce an nuna maka tsohuwar Marsandi samfurin W123 a Sabon Gari, mai ita ya kafe kan kuɗi wai don tauraron bonet ɗinta na asali ne. Gaskiya wannan ciniki ne kawai. Tauraron ana sayar da shi daban, kuma jabu sun cika kasuwa. Na asali yana zaune kan sifirin, in ka tura shi ya kwanta, ka saki ya miƙe tsaf. Kusurwoyinsa 3 na nufin ƙasa, ruwa da sama. Ko ɗan mutum-mutumin macen nan da ke kan bonet ɗin motar Rolls-Royce, wanda aka fara sawa a 1911, mutane na rububinsa ne saboda motar da yake kai.

Abin da ke yanke farashi shi ne jiki. An ƙera W123 daga 1976 zuwa 1986, don haka tsatsa za ka nema. Ka tafi da bakanikenka, ku ɗaga kafet, ku leƙa ƙarƙashin ƙofofi da wurin da batir ke zama. Ka kai maganaɗisu jikin fenda. In ya ƙi kamawa, fanel bita ya cika wurin da filla. Sannan lambar inji ta dace da takardu. In duk sun yi, Allah ya sa albarka, ka taya.