Waken da ba ƙwaro ko ɗaya, in saya ko in bari?

Tambaya: Salam Anti, ina sana'ar alala da zoɓo a ƙofar gida, so nake in sayi buhun wake in ajiye kafin ya ƙara tsada. Na samu wani da sauƙi, fes da shi ba ƙwaro ko ɗaya, amma yana ɗan wari kamar na fiya-fiya, mai shi yace in na shanya zai fita. Sannan ɗan tsamin da ake ƙullawa a leda ba suna, ba matsala in ci gaba da sa shi a zoɓo?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa. Don Allah ki bar masa wakensa. Hancinki bai yi miki ƙarya ba, wannan warin na maganin ƙwari ne irin su Sniper da wasu 'yan kasuwa ke yayyafawa a buhu don kar ƙwaro ya ci musu jari, kuma maganin gona ne, ba a yi shi don abin da za a sa a tukunya ba. Sinadarin da ke ciki, dichlorvos, shi ne fa ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Shanya tana iya rage wari amma ke da ba ki san nawa ya zuba ba, kuma yaran unguwa ne za su ci alalan, ina ke ina wannan kasada? Ni in na je awo na ga ɗan ƙwaro ɗaya biyu yana yawo a kwano hankalina ya fi kwanciya wallahi.

Ki sayi sabon wake wajen wanda kika sani, ki shanya shi ya bushe ƙayau, ki zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki ɗin nan, ki ɗaure kowacce tam. Ko jarka mai murfi, ki cika ta har baki. In ba iska ƙwaro mutuwa yake, ba sai da magani ba.

Ɗan tsami kuwa hmm. Kin manta abin da ya faru a Kano a 2021 dab da azumi? Mutane ɗaruruwa aka kwantar a asibiti, wasu da fitsarin jini, wasu ƙoda ta taɓu, har aka rasa rayuka, duk daga garin lemo da ɗan tsamin da ba na ci ba da aka riƙa sayarwa a kasuwa. Farin gari a leda ba suna ba lambar NAFDAC ba ranar lalacewa, ido ba zai bambance miki ba. Ga tsamiya ga lemon tsami, su ishe ki, zoɓon ma ai da tsaminsa ya zo.

Kuma kar ki ce ba ruwana. Ki faɗa wa sarkin kasuwa ko shugabannin layin, in sun yi biris akwai duba-gari a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, aikinsu ne shiga shago da gidan abinci su duba, ga ofishin NAFDAC, in a Kano kike ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha. Na san za ki ce ba kullum suke zuwa ba, haka ne, amma in kin je da ɗan samfur a leda da lambar shagon maganarki ta fi nauyi. Ke ma ki shirya, duba-garin nan zai iya biyowa ta ƙofarki ya tambayi ruwan da kike haɗa zoɓo da shi da inda kike samo robobi.