Ƙurar Katako da Hayaƙin Sigari

Ka ce me ya sa nake kora ka daga wurin masu busa sigari a bakin shago, alhali ƙurar da muke shaƙa kullum a nan kasuwar Katako ta Jos ta fi hayaƙinsu yawa. Ajiye zarton nan tukuna, ɗana.

Ƙura ba ta da kirki, wannan ba gardama. Ta katakon iroko da obeche ma an san ta da tayar wa kafintoci asma. Amma a cikin hanyar numfashi akwai wasu 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani, su ke turo ƙura da majina sama har ka yi kaki ka tofar. Su ne tsintsiyar ƙirji, kuma hayaƙin taba shi ke kashe musu ƙarfi. To wanda ya wuni yana goge katako, sannan ya bi da hayaƙi, ina ƙurar za ta? Can ciki take zama.

Kai kuma ga asma. Hanyar numfashinka dama a kumbure take, ƙiris take jira ta tsuke. Hayaƙin nan na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kuma ba sai kai ka kunna karan ba, zama kusa da mai sha ya isa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganin shaƙa na kullum da likita ke bayarwa don rage kumburi: a ƙirjin mai shan taba ba ya ci yadda ya kamata. Sai ka ga mutum yana ta zuƙar shuɗiyar inhela, wato ta buɗe ƙirji in ya tsuke, yana cewa magani jabu ne.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa kara ɗaya na maganin sanyin Jos. Sanyin Disamba da Janairu shi kansa yana tayar da asma, balle a haɗa shi da hunturu da hayaƙi. Shisha ma jirgi ɗaya ya kwaso su.

Gobe ka zo da takunkumi mai kama hanci sosai, ba ƙyalle ba. Ka yayyafa ruwa kafin shara, gugar katako kuma a waje za ka riƙa yi. Inhela ta zauna a aljihunka, ba a akwatin kayan aiki ba. In ka shaƙa ba ta sake ka ba, har magana na yankewa, ka yi mini alama da hannu mu wuce asibiti.