Batun fure a kabarin Yaya

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi albarka. Ka ce ka ga sojoji na ajiye furanni ranar 15 ga Janairu, kana tambaya ko mu ma za mu yi wa mahaifinka haka a maƙabartar Ɗanmarna, har da allo mai ɗauke da muƙaminsa na sojan ruwa.

Mu dai ba mu gaji haka ba. Waccan ranar ta gwamnati ce, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma ba a maƙabartarmu ake yin ta ba. Ranar da Yaya ya cika kana hanya daga Legas, kafin la'asar an yi masa sutura, an sallace shi a ƙofar gida, an kai shi. Tsofaffin abokan aikinsa biyu sun zo da lambobinsu a ƙirji, suka kama makara kamar kowa. Da aka gama rufe ƙasa, ɗayan ya ƙame ya sara masa. Ba wanda ya tanka, ni kaina sai da na share ƙwalla.

Ka san shi da furfura, ni na san shi saurayi. Kafin ya tafi, ruwan da ya sani bai wuce kududdufin unguwa ba. Yana cikin jirgi lokacin da aka sauke sojoji a Bonny, watan Yulin 1967, sai Kalaba a watan Oktoba. Bai taɓa ba mu labarin harbi ba, ko an matsa masa. Abin da yake maimaitawa biyu ne: alƙiblar da ke juya masa yana tsakiyar salla, da ruwa iyakar ganinka amma ba na kurɓa ko ɗaya. Ƙishirwar nan ce ta sa da ya dawo Katsina ya kafa randa a bakin zaure, da moɗa ɗaure da igiya saboda almajirai na yawan tafiya da ita.

To randar nan ta tsage, kuma tun rasuwarsa ba mai cika ta. Mahaifiyarka na takaba, wata huɗu da kwana goma, ba za ta fita neman mai garuwa ba. Kuɗin furen da allon, turo su a sayi sabuwa, a biya mai kawo ruwa na shekara.

Farar hularsa ta aiki na nan a akwatin ƙarfe, na hana yara taɓawa. In ka zo sadakar arba'in ka ɗauka. Ka gaida mai ɗakinka da yara.