Amsa: Maus yana tsalle-tsalle a kan teburin gilas

Ka ce maus ɗin kwamfutarka lafiya ƙalau yake aiki a kan littafi, amma da ka ɗora shi kan teburin gilas sai kibiyar da ke kan allon kwamfutar ta kama rawa ko ta tsaya cak, ko ya lalace ne? Bai lalace ba wallahi, teburin ne matsalar. Ka samo shimfiɗar maus ko takarda marar sheƙi ka sa masa, nan take zai dawo daidai.

In ka juya maus ɗin galibi za ka ga ɗan jan haske, to kusa da shi akwai 'yar mitsitsiyar kamara da ke ɗaukar hoton abin da yake kai sau dubbai cikin sakan ɗaya, sai a riƙa gwada hoton yanzu da na baya a gane inda ka ja shi. Katako da yadi suna da zane-zane da 'yan tabo da take kamawa, gilas kuwa sumul yake, hasken wucewa kawai yake yi. Na lura mai leza ya fi jure tebur mai sheƙi, amma gilas zalla kam sai maus na musamman irin na kamfanin Logitech mai fasahar da suke kira Darkfield, shi ma sai kaurin gilas ɗin ya kai milimita 4.