Ta 150 a duniya ta ɗauki kofin US Open: sa'a ce ko sayar da wasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai bin kokowa ne da ƙwallon ƙafa, tanis kuwa sai dai in gani a tele in wuce. A fadarmu nan Tawa wani abokinmu ya ba mu labarin wata yarinya ƴar Ingila da take ta 150 a duniya, amma ta je Amurka ta cinye babbar gasa. Musu ya kaure, wasu suka ce sa'a ce, wasu suka ce sayar mata da wasa aka yi. In akwai mutum 149 da suka fi ta, suna ina ta wuce su? Daga wani mai karatu a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gaskiya abokinku ya faɗa muku. Sunan yarinyar Emma Raducanu, gasar kuwa US Open ce ta 2021 a birnin New York, ɗaya daga cikin manyan gasannin tanis huɗu, tare da ta Ostareliya, da Roland Garros a Faransa, da Wimbledon a Ingila. Shekararta 18 a lokacin. Matsayinta bai kai a sa ta kai tsaye cikin mutum 128 da ake buɗe gasar da su ba, sai da ta bi ta wasannin share fage ta ci uku, sannan ta shiga ta ci bakwai a jere. Turmi 20 ta buga a wasannin nan goma, 20 ɗin ta ci. Kafin ita, babu namiji ko mace da ya taɓa tasowa daga share fage ya ɗauki ɗaya daga cikin kofunan nan huɗu.

Lambar nan 150 ita ta rikita ku. Jerin ƴan tanis kamar littafin adashi yake, abin da ka zuba cikin makonni 52 da suka wuce shi ake rubuta maka. Wanda ya zagaya duniya ya buga gasa ashirin zai tara maki, wanda ya zauna gida kuwa, komai iyawarsa, shafinsa fari ne. A farkon 2021 Raducanu tana makaranta, tana shirin jarrabawar ƙarshen sakandare irin bak ɗinmu, ga korona ta tsai da ƙananan gasanni. Wata biyu kafin New York, tana ta 338, aka ba ta katin alfarma, wato izinin shiga gasa ga wanda matsayinsa bai kai ba, a Wimbledon ta kai zagaye na huɗu. Duk wanda ya kalle ta a can ya san hannunta ya riga lambarta yin gaba. Ku mutanen Tawa, inda aka fara gasar kokowa ta takobi a 1975, ba baƙon abu ba ne gare ku: yaro ya taso daga ƙauye, babu makaɗin da ya san kirarinsa, alhali ya gama kayar da samarin karkararsu kaf.

Abin da na fi so ku kama shi ne yadda ake lissafin tanis. Maki huɗu ke ba ka zubi ɗaya, zubi shida ke ba ka turmi, mata turmi biyu suke nema cikin uku. Da an rufe zubi, makin da ka samu a cikinsa ya mutu, ba ya bin ka gaba. Saboda haka mutum zai iya cin maki fiye da abokin karawarsa kuma ya tafi gida hannu rabbana. A wasan ƙarshe na Wimbledon 2019, Roger Federer ya ci maki 218, Novak Djokovic 204, amma Djokovic ne ya ɗaga kofi, don shi ya ci makin da suka rufe turame uku. Federer ɗin nan da bakinsa ya faɗa wa ɗaliban wata jami'a a Amurka a 2024 cewa ya ci kusan kashi 80 cikin ɗari na wasannin da ya buga a rayuwarsa, amma makin da ya ci kashi 54 ne kacal. Ka ga, cikin kowane maki ɗari, 46 abokan karawarsa ne suka kwashe, kuma wannan Federer ne. Ratar da ke tsakanin gwani da wanda ake rainawa ba ta wuce kaurin gashi ba. In gwanin ya kwana da ciwon kafaɗa, ko iska ta hana sabis ɗinsa, wato bugun da ake fara neman maki da shi, zama, shi ke nan an zo daidai. Kuma gasar ta kifa ɗaya kwala ce, ba a ba ka gobe ka rama.

Sai zuciya. Na ga wannan a filin da nake koyarwa nan Yamai, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ƙaramin yaro ya haɗu da wanda ya girme shi, hannunsa sake, yana duka yana murmushi, don ko an ci shi ba wanda zai yi magana. Babban kuwa, da yaron ya karɓe masa zubi biyu a jere, sai ka ga ya damƙe raket har jijiyar hannunsa ta tashi, sabis ɗinsa na biyu ya fara faɗuwa gab da raga, yana satar kallon masu kallo. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abin da ke kama yaro gaban mutum goma, shi ke kama ta ɗaya a duniya gaban mutum dubu ashirin.

Masu cewa sa'a ce suna da nasu rabon gaskiya, ba zan hana su ba. Har ta ɗauki kofi, Raducanu ba ta haɗu da kowa daga cikin goman farko ba. Ashleigh Barty, ta ɗaya a duniya, tana kan hanyarta, sai Shelby Rogers ta fitar da ita, Raducanu kuma ta zo ta gama da Rogers 6-2, 6-1. A ɗaya gefen, wata yarinyar, Leylah Fernandez ta Kanada, mai shekara 19, ta 73 a duniya, ita ta share Naomi Osaka da Angelique Kerber da Elina Svitolina da Aryna Sabalenka, kowace sai da aka kai turmi uku. Ta iso wasan ƙarshe ta sha wuya fiye da abokiyarta. Amma a kan hanya Raducanu ta doke Belinda Bencic, wadda ta ɗauki zinare a Olamfik na Tokyo ƴan makonni kafin nan, ta doke Maria Sakkari. Sa'a tana ba mutum turmi ɗaya, ko wasa ɗaya. Ban taɓa ganin ta ba shi turmi 20 ba.

Batun sayar da wasa kuwa, ku cire shi daga hirar. Magudi yana faruwa a tanis, akwai hukumar da ke kama masu yi tana dakatar da su, amma galibi a ƙananan gasanni ne, inda ladan bai biyan kuɗin masauki. A nan kuwa, a 2021, ladan kofin dala miliyan 2.5 ne, sama da miliyar ɗaya na sefa, da maki 2,000 na jerin duniya. Wa zai sayar, nawa za a ba shi?

Kuma ba ita ta fara ba. Gustavo Kuerten na Barazil yana na 66 ya ci Roland Garros a 1997. Goran Ivanisevic yana na 125, da katin alfarma, ya ci Wimbledon a 2001 bayan an kayar da shi a wasan ƙarshe sau uku. Wanda ya fi yi mini zafi shi ne 2023, ranar da Marketa Vondrousova, ta 42, ta hana Ons Jabeur ta Tunisiya zama mace ta farko daga Afirka da za ta ɗauki irin kofin nan. Kuerten ya sake cin Roland Garros sau biyu. Raducanu kuwa ta dawo New York a 2022 aka fitar da ita a zagayen farko, a 2023 aka yi mata aiki a wuyan hannu biyu da idon sawu.

Ku nemi hoton zubin ƙarshe ku kalla tare a fada. Ranar 11 ga Satumba ce, a nan bayan isha'i. Raducanu ta ci turmin farko 6-4, tana gaba 5-3 a na biyu, sabis a hannunta. Ta zame ta goge gwiwa, jini ya gangaro mata a ƙwauri, alƙaliya ta tsai da wasa a ɗaure ciwon, daidai lokacin da Fernandez ke neman maki ɗaya ta karɓe zubin. Ta zauna ana manna mata filasta, Fernandez tana tsaye tana ƙorafi. Da ta taso ta kare makin, ta sake kare wani, sannan ta rufe da sabis ɗin da Fernandez ba ta ko taɓa ba, ta zube ƙasa ta rufe fuska da hannuwa.