Amsa ga mai tambaya kan jinyar aikin faloplasti

'Yar'uwa, kin ce abokin zamanki a nan Ingila, wanda aka haifa mace yake rayuwa a matsayin namiji, an sa masa ranar aikin tiyatar samar da mazakuta, kina so ki san yadda jinyar take. Ni nas ce, na yi jinyar irin su a ɗakin 'yan tiyata.

Fara tambayarsa wanne za a yi masa, don iri biyu ne. Metoyidiyoplasti da ɗan tsakan da allurar testosteron (sinadarin maza) ta girmar ake yi, ƙarami ne, warkewa da sauri. Faloplasti kuwa babban aiki ne, ana yanko fata da jijiyoyi daga damtsen hannu na ƙasa ko cinya a haɗa mazakuta, kuma ba a gama shi a shiga ɗaya, hawa-hawa ne, yakan ci shekara ɗaya zuwa biyu.

In faloplasti ne, kwanakin farko kusan duk awa muke leƙa wurin, mu duba launi da ɗumi, mu ɗora 'yar na'ura mu ji ko jini na gudu, don in jijiyar ta toshe sai a koma tiyata nan take. Wajen mako guda yake yi a kwance. Sigari da shisha ya bar su tun kafin aikin, suna kashe fatar.

Amma gaskiya abin da ya fi wahalar da su hanyar fitsari ce. Zai koma gida da robar fitsari makonni, bayan an cire kuma da yawa sukan samu yoyo ta gefe ko hanyar ta tsuke, wani yoyon ya rufe da kansa wani sai an sake gyara, nan ne na ga jarumai suna hawaye suna cewa aikin ya ɓaci alhali bai ɓaci ba. In kin ga fitsari na fita da ƙyar, ko zazzaɓi, ko wurin ya yi baƙi ko sanyi, kar ku jira gari ya waye, ku kira asibiti.

Jin taɓi a hankali yake dawowa, watanni har shekara, shi ya sa ba a saka na'urar miƙewa sai daga baya. Hannun da aka yanko fatar ma sai an yi ta motsa shi, tabon kuma ba ya ɓuya. Yawancin waɗanda na sake gani bayan shekara sun ce hankalinsu ya kwanta.

Ke dai ki shirya girki, wanki da kai shi asibiti na wata ɗaya da rabi aƙalla, kar ki bar shi ya ɗaga kaya.